Nazarin lamari: Hilux mai shan gas da ta zaga gareji huɗu kafin a gano ciwonta

Mai motar da motar

Mai motar kawuna ne, ɗan kasuwar hatsi a Dawanau. Ni nake riƙe masa littafin shiga da fita na shago, shi ya sa duk rasit da duk kuɗin da aka fitar a kan motar nan ya bi ta hannuna. Motar Toyota Hilux ce ƙirar 2012, mai ƙofa huɗu, injinta 2KD mai lita 2.5, mai shan gas, wato dizal. Ya saye ta a hannu na biyu a 2019. Aikinta zirga-zirga ne tsakanin Kano da kasuwannin Jigawa, musamman Maigatari ranar Alhamis, inda yake sayen riɗi da zoɓo. Direba ɗaya ke jan ta tun ranar da aka saye ta.

Akwai abin da ya kamata mai karatu ya sani tun daga farko. Yawancin Hilux ɗin da ke yawo a Najeriya masu fetur ne, domin a baya an yi shekara da shekaru fetur na da tallafi, gas kuwa babu. Saboda haka bakanikan ƙananan motoci fetur suka fi sani. Masu aikin gas kuma a manyan motoci suka koyi sana'a, irin su roka da tirela, masu tsohon famfon mai da babu ruwansa da kwamfuta. Injin 2KD ya faɗa tsakanin ɓangarorin biyu. Gas yake sha, amma kwamfuta ce ke ba nozul umarnin lokacin da zai fesa mai da yawan da zai fesa, kuma ƙarfin matsin man a cikin bututun da ke rarraba shi yana haura bar 1,300. Ramukan nozul ɗin sun kai siririn gashi, ƙurar da tsohon injin zai haɗiye ya wuce tana iya lalata su.

Har zuwa tsakiyar 2023 motar ba ta taɓa ba da wata matsala babba ba. Ana yi mata juyen baƙin mai duk kilomita 5,000 a wajen bakaniken unguwa, kuma an canza bel ɗin tayimin a kilomita 150,000 kamar yadda kamfani ya tanada.

Agusta 2023: farkon matsala, mita na nuna kilomita 212,000

Tun 2022 kuɗin gas ya tashi ƙwarai, kafin ƙarshen 2023 lita ta haura naira 1,000. Kawu sai ya fara sayen gas a duro saboda janareton sito, direba kuma ya riƙa ɗura wa motar daga nan. Duron yana tsaye a waje, damina kuma ta kankama.

Alama ta farko ita ce wuyar tashi da safe. Sai an yi ta murza makulli kafin ta kama. Bayan kamar mako biyu, a hanyar Maigatari, tsakanin Gujungu da Gumel, direba ya taka totur zai wuce wata tirela sai fitilar cek ta kama, motar ta saki jiki, ta ƙi jan komai. Ya gangara gefen hanya, ya kashe ta, ya sake tayarwa, ta dawo daidai kamar ba ita ba. A ranar sau uku ta yi haka, ko da yaushe in an matsa mata da kaya ko a hawa.

Satumba 2023: gareji na farko da na biyu

Bakaniken unguwa ya ce filtan mai ne. Ya aiki yaro Ƙofar Ruwa ya sayo wani, ya canza har da na iska. Motar ta yi kwana tara lafiya, a rana ta goma fitila ta sake kamawa. Ya ce abin ya fi ƙarfinsa, ya haɗa mu da wani mai gyaran famfon manyan motoci.

Wannan dattijo ne da ya shekara yana aiki, kuma a kan tsofaffin injina ba a ja da shi. Ya ciro nozul huɗun, ya wanke su, ya ɗora kowanne a kan ma'aunin hannu irin wanda ake bugawa a ga feshi. Ya ce sun toshe ne amma ya buɗe su. Ya mayar da su da tsofaffin wosha na jan ƙarfe da ke ƙarƙashinsu, bai kuma sa alamar wanda ya fito daga wane rami ba. Da aka tayar da motar sai ga sabuwar ƙara kamar ana buga ƙarfe a ciki, ga farin hayaƙi da safe, ga rawa a silo. Sakin jikin da muka kawo ta dominsa yana nan yadda yake.

Oktoba zuwa Nuwamba 2023: wurin mai babban allo

Daga nan Kawu ya ce a daina yawo, a kai ta kamfani. Wani abokin kasuwancinsa ya kwatanta masa wani wuri: gini mai gilasai, tambarin motar a babban allo a ƙofa, ma'aikata cikin riga iri ɗaya, ɗakin jira mai sanyi. Babu wanda ya tambaya a cikinmu ko kamfanin ya san da su. Mun ga allo mun yarda.

Sun sa mata kwamfuta, abin bai ɗauki minti biyar ba. Manajan ya fito ya ce, "Alhaji, nozul huɗu da famfo duk sun tafi, sai an canza gaba ɗaya." Na tambaye shi lambar da kwamfutar ta nuna, ya ce sun riga sun goge. Ya nemi kashi biyu cikin uku na kuɗin kafin a taɓa motar, aka biya. Sun ce kwana biyar, motar ta yi kwana ashirin da uku a wajensu. Ranar karɓa na nemi tsofaffin kayan, aka ce an zubar. Rasit ɗin layi ɗaya ne, an rubuta gyaran injin da jimillar kuɗi, babu lambar kaya ko ɗaya, babu abin da mita ke nunawa, babu sunan wanda ya yi aikin.

Ƙarar ta ragu kaɗan, hayaƙin ma haka. Bayan kamar kilomita 400, a kan hanyar nan dai ta Gumel, fitila ta kama da buhunan riɗi a baya. Wannan karon kashewa da tayarwa bai yi amfani ba sai da ta huce, aka lallaɓo da ita gida cikin dare. Da muka koma suka ce yanzu kwamfutar motar ce ta lalace, a kawo wani kuɗin. Kawu bai ce komai ba, ya karɓi makullinsa.

Wannan ya faɗo daidai lokacin kaka, lokacin da ɗan hatsi ke yin cinikin shekara. Motar ta yi makonni shida a ajiye a ƙofar sito, ana biyan kuɗin haya duk ranar kasuwa.

Disamba 2023: neman wuri kafin a motsa motar

A wannan karon muka bar motar inda take, muka fita da ƙafafunmu. Na fara da duba jerin dilolin da wakilin kamfanin a Najeriya ya amince da su. Sunan wurin mai babban allo ba ya ciki. Sa'an nan na nemi mutanen da abincinsu ya dogara da irin wannan injin, wato masu kula da motocin ƙungiyoyin agaji da ke shiga ƙauyuka da Hilux da Land Cruiser masu gas. Ɗaya daga cikinsu, wanda muke sallah a masallaci ɗaya, ya zaunar da ni ya ce kada in tambayi wuri ko suna gyaran gas, kowa zai ce e. In tambaye su abin da za su auna kafin su canza komai, in kuma nemi ganin mutumin da zai taɓa motar da hannunsa.

Da wannan na je wurare biyu da ke cikin jerin. A na farko jami'in karɓar motoci ya gaya mini gaskiya: kusan duk motocin da suke gani masu fetur ne, wanda ya ƙware a gas ya bar aiki, abin da za su iya shi ne su yi odar kaya su ɗaura. Na gode masa, domin da ya so da ya karɓi motar.

A na biyu aka kira mini bakaniken daga ƙarƙashin wata mota. Na ba shi labari tun daga Agusta, bai katse ni ba. Da na gama, tambayarsa ta farko ita ce, "A ina kuke shan mai?" A cikin gareji uku babu wanda ya taɓa tambayar wannan. Ta biyu, ko fitilar ruwa, wadda ke nuna ruwa ya taru a filtan mai, ta taɓa kamawa. Ta uku, ko an shigar da lambobin sababbin nozul a kwamfutar motar. Na ce ban san akwai wasu lambobi ba. Ya ce a kawo ta da janwe, kada a tuƙo ta. Kuɗin bincike daban ne, za a biya ko an yi gyaran a wajensu ko ba a yi ba, kuma za su ba mu sakamakon a rubuce.

Janairu 2024: binciken yini biyu

Kafin a taɓa komai aka buɗe katin aiki: lambar shasi, abin da mita ke nunawa, yawan man da ke tanki, ƙorafinmu da bakinmu. Aka bar ni da direba muka tsaya a bayan layin da aka shata a ƙasa, muna ganin komai.

Bakaniken bai fara da kwamfuta ba. Ya ɗauko wata kwalba fara, ya kwance ƙasan filta ya tsiyayo mai a ciki, ya ajiye ta a kan tebur ya tafi wani aikin. Bayan minti ashirin ya dawo ya ɗaga ta wajen haske. Man ya rabu biyu: gas a sama, ruwa mai launin ƙasa kamar yatsa ɗaya a ƙasa, da ɗigo-ɗigon tsatsa suna yawo a ciki. Sai ya nuna wata waya da ke lilo a gefen filtan, a cire. Ita ce wayar da ke kunna fitila idan ruwa ya taru. Ya dubi direba. Direban ya sunkuyar da kai ya ce, "Oga, tun cikin damina take kamawa tana damuna, na ɗauka wayar ce ta samu matsala, na zare ta." Filtan da aka sayo a Satumba kuma jabu ne. Da aka yanka shi aka ga takardar ciki ta saki daga gefe, mai na wucewa ba tare da an tace shi ba.

Sa'an nan aka sa kwamfuta. Ta nuna lambobi biyu, P0093 da P1229, dukansu a kan matsin mai suke. Bakaniken ya ce lambar tana faɗin inda ake kuka ne kawai, ba ta faɗin wanda ya yi dukan. Ya ɗauki motar da kwamfutar a haɗe, yaronsa na riƙe da ita a kujerar gefe, ni ina baya. A allon akwai layi biyu: matsin da kwamfutar motar take nema, da matsin da famfo yake bayarwa. A tafiya ta hankali suna tafe tare. Da ya taka totur sosai sai na biyun ya fara tsalle sama da ƙasa, nan take fitila ta kama. Ya ce wannan halin wani ƙaramin bawul ne da ke jikin famfo, mai suna SCV, wanda ke ƙayyade yawan man da ke shiga famfon. Idan datti ko tsatsa ta ci shi sai ya riƙa maƙalewa, kwamfuta kuma ta rage wa injin ƙarfi don ta kare shi. Kashe mota da tayarwa na sa ya saki na ɗan lokaci, abin da muka yi ta gani ke nan tun Agusta.

Na ce masa ai an canza famfon gaba ɗaya a Oktoba. Ya haska fitila ya nuna mini. An wanke jikin famfon tas, amma ƙusoshin da ke riƙe da shi na ɗauke da tsohuwar ƙura, babu sawun sifana a kansu. Bai ce komai game da waɗanda suka yi aikin ba. Ya rubuta a kati cewa famfon na asali ne da ya zo da motar, kuma jikinsa lafiya lau, bawul ɗin kaɗai ya lalace.

Yini na biyu na nozul ne. Kowane nozul na irin wannan injin yana da lamba mai haruffa da alƙaluma 30 a kansa, wadda ke gaya wa kwamfuta ɗan bambancin feshinsa da na sauran. Dole a shigar da ita a gurbin silindar da aka ɗaura shi. Lambobin da ke cikin kwamfutar motarmu na nozul ɗin asali ne, ba su dace da ko ɗaya daga cikin waɗanda ke jiki ba. An auna man da kowanne ke mayarwa tanki, biyu sun wuce ƙa'ida nesa. Waɗanda aka sayar mana a matsayin sababbi tsofaffi ne da aka wanke.

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya fito ne da aka buɗe murfin saman injin. A kewayen nozul na uku akwai baƙin abu mai tauri kamar kwalta. Woshar da ke ƙarƙashinsa ba ta toshe ba, hayaƙin ƙonuwa na tsiyayowa sama yana haɗuwa da baƙin mai. A wannan injin nozul a ƙarƙashin murfin yake, don haka dattin yana bin baƙin mai ya gangara kasko, ya taru a rariyar da famfon baƙin mai ke zuƙa ta ciki. Suka nemi izini suka sauke kaskon. Kusan rabin rariyar ya toshe. Da ta ƙarasa toshewa, injin zai rasa baƙin mai yana cikin gudu, sai dai a nemi wani.

Fabrairu 2024: gyaran

An ba mu takardar ƙiyasi mai layi goma sha ɗaya, kowane kaya da lambarsa da kuɗinsa, kuɗin aiki daban. Sun ce farashin na kwana bakwai ne kawai, domin a lokacin naira na faɗuwa har dala ta haura 1,500. Kawu ya karanta ya ce, "Malam, ka duba mana, an riga an cuce mu sau ɗaya." Bakaniken ya ce nozul biyun da suka ci awo za a iya barin su, an aika su wajen masu injin gwaji kuma sun dawo da takarda. Wannan ya rage kuɗin sosai.

Aikin da aka yi shi ne: an sauke tanki an wanke, an busa layukan mai, an sa filta na asali an mayar da wayar ruwa, an canza bawul ɗin SCV aka sa kwamfuta ta sake koyon famfon, an sa nozul biyu sababbi, wosha huɗu sababbi, an shigar da lambobin duka huɗun, an wanke rariya da kasko, an yi juye. Kowane sabon kaya an buɗe kwalinsa a gabana. Tsofaffin kuma an zuba mana su a kwali a bayan mota. Jimillar kuɗin ba ta kai abin da muka biya a Oktoba ba.

Wurin ba shi da cikakken tsari a komai. Sun ce kwana goma, ya zama goma sha shida saboda jiran nozul daga Legas, kuma sai da na riƙa kira da kaina kafin in ji inda aka kwana. Kuɗin aikinsu ya ninka na gareji sau da yawa. Mako guda bayan karɓar motar direba ya ga ɗigon gas a ƙasa. Muka koma gabana na faɗuwa, domin a nan ne wancan wurin ya juya mana baya. Jami'in ya ciro katin aikinmu, bakaniken ya duba, ya ce maɗaurin wani tiyo ne bai ɗaure sosai ba, kuskurensu ne. Suka gyara cikin rabin awa, ba su karɓi ko kwabo ba, suka rubuta a katin.

Maris zuwa Disamba 2024: bayan gyara

Zuwa ƙarshen 2024 motar ta ƙara sama da kilomita 30,000, fitilar cek ba ta sake kamawa ba. Tana tashi a murzawa ɗaya. Kawu ya hana ɗura mata mai daga duro, gidan mai ɗaya ake sha, wanda manyan motoci ke yawan shiga don man ba ya daɗewa a ƙasa. Direba yana tsiyaye ƙasan filta duk ranar Juma'a da safe. Fitilar ruwa ta kama sau ɗaya a cikin damina, ya tsaya nan take ya zubar da ruwan ya ci gaba.

An raba aikin gida biyu. Juyen baƙin mai da birki da ƙafafu suna wajen bakaniken unguwa, amma mu muke sayo filta daga dila mu kai masa. Duk abin da ya shafi famfo da nozul da kwamfuta ba mai taɓawa sai wancan wurin.

Abin da na gani

Tushen matsalar daga gidanmu ya fito. Mu muka ɗura ruwa a tanki, direbanmu ya kashe fitilar da za ta gargaɗe mu. A watan Agusta, wanke tanki da filta mai kyau da bawul ɗaya sun isa, da nozul ɗin asali huɗu na nan a jikin motar.

Ba na ganin bakaniken unguwa da mugun nufi, ya faɗi iyakarsa, sai dai bai san filtan da aka sayo jabu ba ne. Dattijon famfo ya yi aiki da ilimin wani injin daban, kuma mayar da tsohuwar wosha da ya yi shi ne ya fara ɓarnar da ta kusa kai injin ƙasa. Wuri na uku kuwa cuta ce tsagwaronta, kuma alamunta duk sun bayyana tun kafin mu biya: goge lambar kwamfuta, yanke hukunci a minti biyar, neman kuɗi mai yawa a gaba. Allon da ke ƙofa ne ya rufe mana ido.

Zama cikin jerin dilolin kamfani ya taimaka, amma bai wadatar ba, tunda na farkon da na je yana cikin jerin kuma ba shi da mai aikin. Abin da ya sa na huɗu ya yi nasara shi ne mutum ɗaya da ya san injin, a wurin da ke tilasta rubuta komai, wanda ya auna mai da matsi da nozul kafin ya ambaci kaya. Wannan ne ma abin da ke damuna yanzu, domin idan ya bar wurin, ban san ko za mu ci gaba da kai motar can ba. Na tambaye shi, ya ce yana koya wa yara biyu, ɗaya ya fara shigar da lambobin nozul da kansa. Bel ɗin tayimin zai cika a kilomita 300,000, kuma Kawu ya riga ya ce kafin a kai motar in fara zuwa in ga wanda zai yi aikin.